Ku tambaye mu, in ji su, alhali ba su san amsar ba

Shekarata shida a Malmo, kudancin Suwidin, kuma har yau ban taɓa shiga gidan cin abinci da 'yata na zauna hankali kwance ba. Yarinyar nan jikinta ba ya karɓar madara, ba ya karɓar almon, wani ɗan itace mai kama da gyaɗa. Ba irin borin jinin da muka sani a gida ba ne, wanda za a ɗan yi ƙaiƙayi a shafa man zafi ya wuce. Nata maƙogwaro yake kamawa. Shi ya sa allurar adirenalin, mai kama da biro, ba ta barin jakata ko masallaci za mu je.

Kusan duk gidan abincin da ka shiga a ƙasar nan za ka ga an manna 'yar takarda kusa da wurin biyan kuɗi: kana da abin da jikinka ba ya so? Tambayi ma'aikatanmu. Ba don kirki suka manna ta ba, dole ce. Tun Disambar 2014 dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa masu sayar da abinci su faɗi ko akwai ɗaya daga cikin abubuwa 14 a girkinsu, irin su madara, ƙwai, alkama, kifi, jatan lande, gyaɗa, riɗi, waken suya da mastad. Sai dai a nan an yarda a faɗa da baki, ba lallai a rubuta ba. To a nan gizo ke saƙa. Bakin wa? Bakin yarinya 'yar makaranta da aka ɗauka aikin ƙarshen mako, wadda ba ta taɓa leƙa tukunyar kuku ba?

Wata Asabar maigida ya ce mu fita, yara sun gaji da zaman gida. Muka shiga wani gidan abinci a tsakiyar gari. 'Yata ta nuna ƙwallon naman nan nasu, köttbullar, wanda kowane yaro a ajinsu yake ci. Na fara da tambayar da kowane Musulmi yake farawa da ita, domin sau da yawa naman shanu da na alade ake haɗawa a niƙa. Aka ce na shanu ne zalla. Sai na ce yarinyar ba ta cin madara ko kaɗan, kuma na san ana jiƙa garin burodi da madara a kwaɓa naman, romon ma da kirim ake yi. Mai kawo abincin ta yi murmushi ta ce kada in damu, komai nasu laktosfri ne, wato babu sukarin madara a ciki. Na ce mata ba sukarin madara nake nufi ba, furotin ɗin madarar ne matsalarmu. Ta shiga ciki, ko minti ɗaya ba ta yi ba ta fito ta ce ta tambaya, babu komai.

Loma uku yarinyar ta yi. Leɓe ya fara kumbura, wuya ya yi ja, tari ya sarƙe ta. Na soka mata allurar a cinya ta saman wando, hannuna na rawa, maigida yana kiran 112, lambar agajin gaggawa. A asibiti muka kwana.

Don Allah, wannan abu yana da wuyar ganewa ne? Madarar laktosfri madara ce cikakkiya, sukarinta kawai aka farfasa don masu kumburin ciki. Wanda furotin ɗin madara ke tayar wa ciwo, ita da madarar saniya ta yau da kullum duk ɗaya ne a wurinsa. Mjölkfri, wato marar madara kwata-kwata, daban, laktosfri daban. Ni da na koyi yaren nan da girmana na san bambancin, amma mai girki a ƙasar da kowane kanti yake da layi guda na kayan madara bai sani ba? Ƙasar da abincinta ba ya tafiya sai da bota da kirim, daga dankalin da aka dama har kifin da aka gasa?

Almon kuwa tarkonsa a harshe yake. Ka tambaya ko akwai nötter, wato 'ya'yan itace masu ɓawo irin su kashu, a cikin kek, a ce maka babu, da gaskiyarsu a ganinsu, saboda almon sunansa mandel, mutane da yawa ba sa lissafa shi cikin nötter. Gyaɗa ma sunanta daban, jordnötter. Sau ɗaya a wani shagon shan kofi saura ƙiris a miƙa wa yarinyar nan burodin da aka cusa wa almon niƙaƙƙe, Allah ya sa na sake tambaya da ɗayan sunan. Ga shi kayan zaƙinsu rabi almon ne: semla da ake yayi kafin azumin Kirista, koren kek ɗin nan prinsesstårta da ake yankawa a kowane bikin zagayowar haihuwa. Idan an gayyace ta biki, nata kek ɗin a roba nake tura ta da shi, tana kallon na sauran yara.

Teburin ɗiba da kanka na Disamba, julbord, wannan ma ba na kusantarsa. Cokalin da aka ɗebi dankali mai kirim da shi, shi ne wani zai mayar cikin kwanon kifi, babu mai tsawatarwa.

Abin da ya fi ƙona min rai, na san ana iyawa. A makarantarsu, da muka kai takardar likita, kullum farantinta daban yake, da sunanta a jiki, shekara biyu ba a taɓa kuskure ba, kuma abincin kyauta ne. Amma wurin da na zaro kuɗina na biya, an kasa buɗe kwali a karanta abin da ke rubuce a bayansa. Me zai hana a buga abubuwan nan 14 a gefen kowane abinci a takardar da ake miƙo mana? Wasu gidajen suna yi, ba su talauce ba.

Na kai ƙara ofishin ƙaramar hukuma da ke duba gidajen abinci. Na kuma koma wurin da kaina. Manajan ya ce ya yi baƙin ciki ƙwarai, rashin fahimta ce tsakanin kicin da mai kai abinci. Rashin fahimta! Sannan ya miƙo min takardar cin abinci kyauta na mutum huɗu, wai mu dawo tare da yarinyar. Na tambaye shi me za ta ci idan mun dawo. Ya ce bari ya shiga ya tambayi kuku.