Dilimi ba kwata ba ce: wa ke da alhakin kan ruwa a Jos?

Kogin Dilimi da ya ratsa tsakiyar Jos ba a unguwar Farin Gada yake ƙarewa ba. Yana gangarawa jihar Bauchi ya zama kogin Jama'are, ya haɗu da na Haɗeja a wajajen Gashuwa, su bi kogin Yobe zuwa Tafkin Chadi. Kogin Kaduna, wanda ke juya injinan lantarki na Shiroro, daga tsaunukan Filato yake tasowa. Haka ma Gongola, da ke cika madatsar Daɗin Kowa a Gombe kafin ya faɗa Binuwai a Numan. Wato garin nan da ke bisa tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 shi ne kan ruwa, wato mafarin kogunan wani babban yanki na Arewa.

To amma a je a tsaya bakin Dilimi da rani, a wajen unguwar Gangare ko Rikkos. Ruwan ya yi baƙi, ledar fiya wata ta sarƙe a jikin duwatsu, bututun bayan gida na gidajen da ke gaɓa duk sun kalli kogi. Ga masu wankin mota, ga masu ɗibar yashi suna cin gindin gaɓa. Ka ɗan gangara gaba kaɗan, za ka tarar da mai lambu ya jefa tiyon injin ban-ruwa cikin wannan ruwan yana shayar da kabeji da karas da latas, waɗanda gobe za a loda su a mota a kai kasuwannin wasu jihohi. Mai lambun ba shi da laifi sosai, ruwan da ya samu ke nan.

Abin takaicin shi ne, a garin da ke samun ruwan sama kusan milimita 1,400 a shekara, unguwanni da dama da kurar mai ruwa suka dogara. Akwai madatsar Lamingo, akwai ta Yakubu Gowon a Shen, amma famfo kan yi kwana da kwanaki bai ɗiga ba. Mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali ya sayi jarka.

Da damina kuma sai labari ya sha bamban. A watan Yulin 2012, bayan ruwa kamar da bakin ƙwarya, ambaliya ta afka wa Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ta hallaka mutum fiye da 30. An yi jaje, an raba katifu da shinkafa, an ce za a tashi masu gini a hanyar ruwa. Yau gine-ginen na nan, wasu ma sun ƙaru.

A ganina tushen matsalar shi ne babu wanda aka ɗora wa kogin kacokan. Tun 1976 gwamnatin tarayya ta kafa hukumomin raya kogunan ƙasa, kuma su 12 ne yanzu. Filato na ƙarƙashin wadda ke da hedikwata a Makurɗi, alhali ruwan Dilimi yankin hukumar Haɗeja-Jama'are da ke Kano yake nufa. Hukumar ruwa ta jiha ruwan famfo ne damuwarta. Shara aikin wata hukuma ce, izinin gini na wata, haƙar ma'adinai kuma sai Abuja. Kowa na da uzurin da zai kawo, kuma a takarda uzurin nasa daidai ne.

Ga kuma gadon da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa: ɗaruruwan kududdufai a Bukuru da Barikin Ladi da kewaye. Wasu na cin rayukan yara, wasu kuwa su ke riƙe da noman rani na dankalin Turawa da tumatir. Dukiya ce da ya kamata a auna lafiyar ruwanta, a killace masu haɗari, a tsara yadda za a ci moriyar sauran.

Na san da an ce a haɗa ragamar ruwa wuri guda wasu za su ɗaga kunne. Ƙudirin dokar albarkatun ruwa ya sha faɗuwa a Majalisar Tarayya saboda tsoron ƙwace filayen bakin kogi daga hannun jihohi, kuma a Filato, inda rikicin ƙasa ya ci rayuka, wannan tsoro ba abin wasa ba ne. Sai dai kare Dilimi bai buƙatar a karɓe gonar kowa. Gwamnatin jiha na da ikon shata iyakar da gini ba zai ƙetare ba a gaɓa, ta samar wa waɗanda za a tasa wani matsuguni kafin a kawo katafila, ta kuma ajiye motar kwasar shara da za ta riƙa shiga unguwannin bakin kogi a kai a kai. Wanda ba shi da wurin zubar da shara, wa'azi ba zai hana shi zuba ta a ruwa ba.

Kuɗin aikin kuwa bai kamata a bar wa Filato ita kaɗai ba. Bauchi da Jigawa da Yobe, masu noman shinkafa da kamun kifi da wannan ruwa, suna da haƙƙin a zauna da su, suna kuma da nauyin sa hannu a aljihu. Asusun kula da muhalli na tarayya ma don irin wannan aka kafa shi, kuma gwamnonin nan huɗu na iya nemansa da takarda guda.