Kafin a nemi aikin sa-kai a waje

Wani labari da na karanta ya kawo damammakin aikin sa-kai a ƙasashen waje, amma bai faɗi inda matasanmu na Garwa da Marwa ke tuntuɓe ba: takardu. Fasfon Kamaru sefa 110,000 ne, kuma sai an fara rajista ta intanet. Ku tabbatar sunan da ke takardar haihuwa ya yi daidai da na digiri harafi da harafi, don "Mahamat" a nan, "Mohamadou" a can, ya isa a ajiye fayil ɗinku. Katin rigakafin shawara ma a yi shi da wuri.

Shirin aikin sa-kai na matasa na Tarayyar Afirka na wata 12 ne, ana son mai digiri. Rajistar UNV kuwa, wato shirin aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, kyauta ce. Duk wanda ya nemi kuɗi ta WhatsApp ɗan damfara ne, don Allah kada ku tura masa ko dala.