Na'urar da ke kuka a wurin gini, wa ke sauraronta?

A watan Fabrairun 1937, ana dab da kammala gadar Golden Gate a San Faransisko ta Amurka, wani dandamali da ma'aikata ke tsaye a kai ya ɓalle, ya auka kan ragar da aka shimfiɗa a ƙarƙashin gadar, ya keta ta. Mutum 10 suka rasu a ranar. Amma wannan ragar, wadda babban injiniyan aikin Joseph Strauss ya dage sai an ɗaura ta, ita ce ta tare mutum 19 da suka zame a tsawon aikin, suka koma wurin iyalansu da ƙafafunsu. Babu lantarki a jikinta, babu kwamfuta. Abin da ke burge ni game da ita shi ne ba ta nemi ma'aikaci ya yi hattara ba. Wanda ya ɗaura ta ya riga ya san cewa ɗan Adam zai gaji, ƙafarsa za ta goce, sai ya yi tanadi tun kafin a kai ga haka.

Da wannan ma'auni nake auna duk wata fasahar zamani da ake tallata wa 'yan kwangila yau da sunan kare magina da leburori.

Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta daɗe da ƙiyasta cewa kimanin mutum 60,000 ke mutuwa duk shekara a wuraren gini, wato kusan rai ɗaya a kowane minti goma. Kuma ba wasu baƙin abubuwa ke kashe su ba. Hukumar kula da lafiyar ma'aikata ta Amurka ta tattara manyan musabbaban guda huɗu: faɗowa daga sama, wanda shi ne kan gaba, sai bugun wani abu mai nauyi, da jan wutar lantarki, da matsewa tsakanin inji da bango ko ruftawar rami. Duk birkilan da ya kwana biyu a sana'a zai lissafa maka su ba tare da ya buɗe littafi ba.

Fasahar da nake goyon baya ɗari bisa ɗari ita ce wadda ke janye mutum daga bakin haɗari gaba ɗaya. Jirgi maras matuƙi mai kyamara zai duba tsagar da ke hawa na goma sha biyar, injiniya yana tsaye a ƙasa, babu wanda ya taka tsani. Akwai injinan rusau da ake sarrafawa daga nesa, ta yadda idan bango ya rikito, ƙarfe zai danne, ba mutum ba. Zana gini a kwamfuta tun daga tushe har rufi kafin a aza bulo ɗaya yana nuna inda bututu zai ci karo da wayar wuta, a gyara a kan allo. Har abin da bai kai wannan ƙayatarwa ba, kamar injin yankan kankare mai fesa ruwa, yana hana ƙurar da ke taruwa a huhun ma'aikaci ta zame masa ciwon da ba ya warkewa bayan shekaru.

Inda nake ja da baya shi ne rukuni na biyu, wato na'urorin da aikinsu kawai su yi kuka: hular kwano mai gane cewa mai ita ya faɗi, rigar da ke ƙara idan katafila ta matso, kyamara mai ƙirƙirarriyar basira da ke gano wanda bai ɗaura igiyar tsaro ba. Ba na cewa ba su da amfani. Amma na taɓa tsayawa a bakin wani wurin gini ina kallon tifa tana komawa da baya, ƙararrawarta na ta tsuwa, wani lebura da kwanon siminti a ka ya ratsa ta bayanta ko waiwaye bai yi ba. Ba kurma ba ne. Ya ji tsuwar nan sau ɗari tun safe har kunnensa ya daina ɗaukarta a bakin komai. Ƙara masa wata na'urar mai kuka a ƙirji ba zai canza wannan ba.

Sannan ga tambayar da masu tallar kayan ba sa son a yi: idan na'ura ta yi gargaɗi, wa ke da ikon cewa a tsaya? Injin ɗaga kaya na zamani yana da ma'aunin ƙarfin iska da na nauyi. To amma idan direbansa ya san cewa sauke kaya da kashe inji zai jawo masa faɗan shugaban aiki, saboda motar kankare na jira kuma wa'adin kwangila ya ƙarato, ma'aunin ya zama ado. Wanda ake biya kullum-kullum kuwa, ranar da ya ce ba zai shiga rami ba, ranar ba shi da kuɗin aiki, gobe ma wataƙila an sa wani a gurbinsa.

Shi ya sa matakin da Katar ta ɗauka a 2021 ya ja hankalina, duk da sukar da ƙasar ta sha kan halin da baƙin ma'aikata ke ciki. An hana aiki a fili daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba, kuma aka ce duk lokacin da ma'aunin da ke haɗa zafi da laima da ƙarfin rana ya haura digiri 32.1, aiki ya tsaya. A nan an ɗaura na'ura da doka. Ba a bar wa lebura nauyin yin gardama da maigidansa ba, lamba ce ke magana.

Akwai kuma wani abin tsoro. Na'urar da ta san inda ma'aikaci yake don a cece shi idan ya faɗi, ita ce kuma ta san minti nawa ya yi a inuwa yana hutawa. Ranar da aka fara yanke wa mutane kuɗi da wannan bayani, za a wayi gari hulunan suna rataye a jikin ƙusa, masu su na aiki kai ba komai. An gudu gara an faɗa gidan zago ke nan.

Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 167, ta shekarar 1988, ta ba ma'aikacin gini 'yancin janye jikinsa daga inda ya ga haɗari mai tsanani na tafe. Kafin gwamnati ko mai gini ya yaba wa ɗan kwangila kan jiragen kyamara da ya saya, ya fara tambayarsa sau nawa aka tsayar da aiki a bara saboda gargaɗin na'ura, kuma ko an biya leburorin kuɗin waɗannan sa'o'i. Ya kuma leƙa ramin tushe ya gani ko an tokare gefensa, domin ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya da zurfin mita ɗaya ta haura tan guda a nauyi, kuma idan ta tashi zubowa ba ta jiran ƙararrawa.