Yadda wandona ya ci amanata a gaban kafintoci

Tunda dai wancan bawan Allah likitan anastiziya, wato masu sa mara lafiya barci ko kashe masa jin zafi a tiyata, ya riga ya baza labarin a gari har da ƙarin gishiri da magi, gara in faɗa da bakina kowa ya huta. Kuma tun yanzu, ba a Dala abin ya faru ba, masu tambaya ku daina. Na san duk ɗan Kano in ya ji an ce ƙashi can hankalinsa ke tafiya, tun 1959 asibitin ƙashi na Dala yake nan, in aka ce an wuce da wane Dala kowa ya san ba hawan dutse aka kai shi ba. Nawa a wani wuri ne, waɗanda suka sani sun sani.

Kun dai san bakina. Tun muna makaranta ni ɗan medisin ne, wato ɓangaren likitocin da ke warkarwa da magani ba tiyata ba, in samu folda in cika shafi huɗu a kan ciwon ƙoda ina jin kaina kamar farfesa, kuma duk inda aka zauna ni ne limamin tsokanar likitocin ƙashi. Kafintoci nake ce musu. Ni ne mai cewa zuciya a wajensu famfo ce kawai da aka yi don ta kai seftiriyazon, maganin kashe ƙwayoyin cuta, cikin ƙashi, in ka miƙa musu takardar ECG ta gwajin bugun zuciya sai su ɗaga ta sama wajen fitila suna neman inda ta karye. To wata Juma'a da daddare a teburin mai shayin bakin get na saki baki ina irin wannan, har na ce ƙasusuwa 206 ne kacal a jikin babba, ko kafintan bakin kasuwa aka ba wata shida zai haddace su. Akwai wani ƙato a gefena yana cin indomi da ƙwai biyar, bai ce uffan ba, da zai tashi ma shi ya biya min kuɗin shayi. Har na ce kai, akwai sauran mutanen kirki a duniya.

Litinin aka turo ni ɓangaren ƙashi. Ina shiga wod na gan shi tsaye da farar riga wadda hannunta ke neman yagewa. Shi ne babban rajistira, wato babban likitan da ke dab da zama kwansaltan. Ya yi murmushi ya ce, Dakta barka da zuwa shago, ka zo da gudumarka ko a ara maka?

Laraba aka shiga tiyata.

Mara lafiyar wani ɗan dako ne, irin waɗanda ke saɓa buhun masara kamar filo, adaidaita sahu ya kwashe shi ƙashin cinya ya karye. Maimakon a kawo shi sai aka wuce da shi wajen mai ɗori, ya yi sati uku a can da karare ɗaure a cinya. Wanda bai sani ba, naman cinya ba ya jiran kowa, da ƙashi ya rabu biyu sai ya ja ya tattare, guntun sama da na ƙasa su hau kan juna ƙafa ta gajarce, kuma duk kwanan da aka ƙara jan yana ƙara tauri. Kafin a zura ƙarfe a cikin ramin ɓargo sai an jawo ƙafar ta dawo tsawonta. Akwai gado na musamman da ke wannan jan. Namu ya lalace tun kafin a haife ni ina jin. Chif, wato ogan likitocin da ke jagorantar tiyatar, ya tambaya wa zai ja, babban rajistira ko kallon sauran bai yi ba ya ce, ranka ya daɗe ga sabon yaron shago.

Yanzu ga inda matsalar take. Kayan tiyatar da na samu a kabad na irinsu ne, wando ne da ni da ƙanena za mu shiga mu bar wurin baƙo, kuma bakin zariyar ɗaya ya shige ciki ya ɓata. Na makara, ban karya kumallo ba, sai kawai na tattare ƙugun na naɗe da filasta zagaye biyu na ce ai aikin awa ɗaya ne. A kai aka ɗora min rigar dalma saboda na'urar hoton ƙashi, a kanta kuma doguwar rigar tiyata da safar hannu biyu. An ɗauke wuta, janareta ba ya jan AC. Na kama ƙafar bawan Allahn nan ta idon sawu, wallahi kamar ka rungumi turmi, Chif ya ce ja.

Na ja. Ya ce Dakta na ce ka ja. Na ce ranka ya daɗe ja nake. Ya dubi babban rajistira ya ce wai ja yake. Na kafa ƙafa na kwanta da baya kamar mai jan guga a rijiya gaba dubu, gumi ya fara bin bayana ƙarƙashin dalmar nan yana gangarowa, kuma duk mai hankali ya san abin da ke tsakanin gumi da filasta. Wajen minti ashirin na ji wani ɗan sassauci a ƙugu. Na ce a raina a'a. Na buɗa ƙafafu na turo ciki gaba, ni da ba ni da tumbi, na riƙe numfashi, na karanta duk addu'ar da ta zo bakina har da ta shiga kasuwa. Ya ɗan tsaya a kan ƙashin ƙugu kamar mai shawara. Daidai nan Chif ya ce ƙara ja kaɗan ka juyo da ita ciki, na ja numfashi zan yunƙura, cikina ya shige, shi ke nan.

Ba faɗuwa ya yi lokaci ɗaya ba, da ma haka ne da sauƙi. A hankali ya dinga sauka kamar ana sauke tuta da yamma. Ina jin sa ya wuce cinya, ya ɗan huta a gwiwa, na matse gwiwoyin na kama shi, sai Chif ya ce wa ya ce ka motsa, buɗe ƙafarka ka tsaya da kyau. Na buɗe. Ya ƙarasa ƙasa ya kwanta a kan takalmana shiru abinsa.

Hannuna biyu suna kan ƙafar mutum, kuma ko da ba sa kai ba ni da ikon taɓa komai ƙasa da ƙugu, in na taɓa na ɓata tsabtar aiki sai an sake min komai. In na saki ƙafar kuma duk wahalar da aka sha ta koma baya. Sai na yi lissafi irin na ɗan medisin, rigar ta sauko har ƙasan gwiwa, kowa idonsa na kan cinya, in na yi shiru ba wanda zai sani. Kuma da haka ɗin za a yi, sai aka ce a shigo da na'urar hoto, Dakta matsa baya taku uku kar ka saki. Jama'a taku uku. Na tafi da baya ina jan ƙafa sululu sululu kamar jakin da aka yi wa dabaibayi, rungume da ƙafar ƙato, wando na share musu ƙasa.

Wanda ya fara gani shi ne mutumin naku, ɗan anastiziyan nan. Ku da kuka san shi kun san yadda yake zama a bayan labulen nan kan kujerarsa mai taya, ƙafa ɗaya kan ɗaya, ya riga ya yi allurar baya tun ɗazu ya gama aikinsa na ranar yana latsa waya. Mutumin da tun muna aji uku yake riƙe min dubu biyar, na handawut ɗin famakoloji da na biya mana mu biyu, duk sanda na tuna masa sai ya ce ai mun zama ɗaya. Mutumin da na kwana uku ina koya wa zagayen Krebs, wani darasin bayokemistiri mai wuyar hadda. Shi ne ya leƙo ta saman labule, ya kalli ƙasa, ya kalle ni, na girgiza masa kai a hankali ina roƙonsa da ido don Allah don Annabi, sai ya gyara murya ya ce, Chif a gafarce ni, ina ga akwai wani abu da ya goce a ɓangarenku, amma ba ƙashi ba ne. Ya ma iya tsara ta. Sannan ya kifa kai a jikin na'urarsa yana dariya har kujerar na tafiya da shi. Wai daga baya yana ce min aikinsa ne lura da duk abin da ke sauka a ɗakin tiyata, ko hawan jini ko waninsa. Shi ya sa ranar da babban rajistira ya nuna min binciken nan na mujallar likitoci ta BMJ ta Ingila, na fitowar Kirsimetin 2011 da suke sa abubuwan raha, inda aka gwada likitocin ƙashi da na anastiziya a asibitoci uku, aka samu 'yan ƙashi sun fi su ƙarfin damƙa kuma sun fi su maki a gwajin basira, ban tsaya tambayar su waye suka yi binciken ba, na tura masa sau huɗu. Har yau bai buɗe ba. Kuɗina ma bai turo ba.

Chif dai ko gezau. Ya leƙa ƙasa sau ɗaya ya mai da kai kan aikinsa ya ce, Dakta ko rigar ce ta bi shi kar ka saki ƙafar nan. Sai kuma, don Allah ku ji, ya ci gaba da yi min tambayoyi kamar ba abin da ya faru. Wa ya fara sa irin wannan ƙarfen a cikin ƙashin cinya? Na ce Küntscher ranka ya daɗe, Bajamushe. Wace shekara? Na ce 1939, a Kiel. Jini nawa mutum zai iya zubarwa a cikin cinya in ta karye ba tare da an ga ɗigo a waje ba? Na ce lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Ya ce ba laifi, kai ɗin akwai kai, ƙugu ne babu.

Mara lafiya fa idonsa biyu, allurar baya ce, daga cibiya zuwa ƙasa ne kawai ba ya ji. Yana jin ɗaki ya ɗauki dariya sai ya ce, likita lafiya dai ko, ƙafar tawa ce? Mutumin naku ya ce masa kwantar da hankalinka malam, taka ƙafar a rufe take.

Aka ce Metiron, wato babbar nas, ta taimaka. Ta ce ita da jikokinta uku ba za ta tsufa da jan wandon ƙartin mutane ba. Chif ya ce Hajiya a yi haƙuri a rufa masa asiri. Ta zo tana mita ta ɗaga rigar ta baya, ta ɗaga dalmar, kuma a nan ne asirin ya ƙarasa tonuwa, don gajeren wandon da ke ciki ba na kanti ba ne, ragowar atamfar ankon bikin yayata ne tela ya haɗa min guda biyu, shuɗiya mai zanen zakaru. Ɗakin ya yi tsit na ɗan lokaci. Sai wata ɗalibar nas daga can lungu, wadda tun safe ba ta ce komai ba, ta ce laa Anti wallahi ina da irinta. Metiron ta jawo wandon sama har kusan hamata, ta ɗauko ƙarfen nan mai tsini da ake maƙale zanin tiyata da shi ta danne, ta haɗa da 'yar fatar bayana. Na yi ƙara. Ta ce yi shiru ɗana, kafinta ba ya kuka.

A haka na tsaya kusan awa guda kuma. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne a tsayuwar nan, da ƙarfe cizge a bayana, na ga aikin da kyau. Ana buga guduma ƙwal ƙwal har cikin haƙorana nake ji, amma kafin kowane bugu sai Chif ya dubi hoto, ya sa an gwada tsawon ƙafar da ɗayar, ya duba inda ƙoƙon gwiwa ke kallo da inda yatsu ke kallo, don in ƙashin ya haɗe a murɗe mutum zai ƙare rayuwarsa ƙafa ɗaya na kallon gabas. Da ƙarfen ya ratsa karayar ya shige guntun ƙasa, a hannuna na ji ƙafar ta daina lilo ta koma abu ɗaya. Ni da nake bin mai ciwon suga wata shida ina ƙara rabin ƙwaya ina rage rabin ƙwaya, abin ya ɗan taɓa ni, ba zan ɓoye ba. Kafin sati ya zagayo ɗan dakon nan yana takawa da sanduna a barandar wod yana tambayar yaushe zai koma kasuwa.

Bayanin aikin gaba ɗaya layi biyar babban rajistira ya rubuta. Na ƙirga. Da na yi magana ya ce to me ya rage, ya karye mun gyara. Shi ne kuma ya nuna min tambarin da ke jikin rigarsa, wata karkatacciyar bishiya ɗaure a jikin turke, wai tun 1741 wani likitan Faransa Nicolas Andry ya sa ta a littafinsa na gyaran ƙasusuwan yara, daga nan ma sunan fannin ya fito. Ya ce ka gani, asalinmu masu lambu ne ba kafintoci ba, amma kai ka ci gaba da faɗa, mun ga abin da kake ɗaurawa.

Yanzu daga masu shara har mai shayin bakin get Dakta Anko suke ce min. Jiya wani mara lafiya da ban taɓa gani ba ya ce shi Dakta Anko aka ce ya nema. Na kai wa tela yadi ya ɗinka min kayan tiyata nawa na kaina, na ce roba zai sa a ƙugu kuma ya ƙara zariya a kai, ya ce Alhamis. Alhamis uku ke nan. Ɗayan gajeren wandon ma ban san inda yake ba, ina zargin ƙanena.