Kotu ta wanke shi, ofis ya ƙi buɗe masa ƙofa

Tun da aka kafa COLDEFF, hukumar yaƙi da laifukan tattalin arziki, kuɗi da haraji, a watan Satumba na 2023, bayan majalisar sojoji ta CNSP ta karɓi mulkin Nijar ranar 26 ga Yuli, kiran ma'aikatan gwamnati su zo su yi bayanin kuɗin ƙasa ya zama ruwan dare a Yamai. Ba ni da ja a kan wannan. Wanda ya ci, ya amayar. Abin da ya ishe ni shi ne maganar da ke yawo a fada-fada da muhawarorin rediyo, wai ma'aikacin da aka tuhuma, ko kotu ta wanke shi, kada a maida shi bakin aiki, don ruwa ba ya tsami banza.

Ruwa na tsami banza mana, in akwai mai hangen kujerarka. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san yadda takardar ƙorafi marar sa hannu ke iya kai mutum gaban alƙali mai bincike, daga can a wuce da shi gidan kason Yamai ko na Kollo, ya yi ta jiran ranar shari'a. Kafin a kai ga hukunci an dakatar da shi, albashi ya girgiza, mai gidan haya ya fara sallama da asuba, yara sun bar makarantar kuɗi. Sai ranar da alƙali ya ce babu laifi, ko ma ya rufe dosiyen don ba a samu abin gurfanarwa ba. A nan ya kamata wahala ta ƙare. Ina! Nan sabuwa ke farawa.

Takardar dakatarwa rana guda ake sa mata hannu. Ta maidawa kuwa sai ta kwana teburin wannan, ta wuni teburin wancan. Ya je ma'aikatarsa a ce ya tafi ofishin ministan ma'aikatan gwamnati, can a ce sai an ji daga na kuɗi. “Alhaji, ka yi haƙuri, shef bai shigo ba.” In daga Tawa ya fito, kowane “ka dawo mako mai zuwa” kuɗin mota ne da na masauki, daga aljihun da babu kowa ciki. Kujerarsa kuma tuni wani ya zauna, kuma ba shi da niyyar tashi.

Masana doka za su ce ai laifin kotu daban, ladabtarwar aiki daban. Mun ji. To a kira kwamitin ladabtarwa kamar yadda dokar ma'aikatan gwamnati ta ranar 23 ga Yulin 2007 ta tanada, a karanta masa abin da ake zarginsa, ya kare kansa. Shiru ba hukunci ba ne. Barin mutum a gida ba kora ba maidawa, rashin ƙarfin hali ne na shugabannin da ke tsoron a ce sun goyi bayan ɓarawo.

Masu cewa ai ya sayi alƙali ne kuwa, su kawo shaida. Da aka ɗaure shi, alƙalin nan mutumin kirki ne. Da ya sake shi, ya zama ɗan cin hanci? Addininmu ya ɗora hujja a kan mai ƙara, haka ma Yarjejeniyar Afirka ta haƙƙin ɗan Adam ta 1981, wadda Nijar ta amince da ita, ta ce a ɗauki mutum marar laifi har sai kotu ta tabbatar. Gwamnatin da ta shigar da ƙara ta faɗi, ba ta da hurumin ci gaba da hukunci ta bayan fage.

Kuma wannan hali yaƙi da cin hanci yake raunanawa. Ma'aikaci mai gaskiya da ya ga abin da ya sami abokinsa ba zai ƙara sa hannu a kowace takarda ba sai an tilasta shi, aiki ya tsaya, talaka ya sha rana a layi.

A sa wa'adi. Da zarar hukunci ya zama na ƙarshe, a maida mutum matsayinsa, a biya shi rafel, wato bashin albashinsa na baya, a lissafa masa shekarun a girma da fansho. Shugaban da ya danne takardar, shi ma a tambaye shi dalili. Ƙungiyoyin ƙwadago irin su USTN da CDTN, da ba sa kasa fitar da sanarwa kan kuɗin alawus, ya kamata a ji muryarsu a nan.