Kafin ka rubuta wa mamacinka marsiyya

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Yanzu idan aka yi rasuwa, kafin a dawo daga maƙabarta hoton mamacin ya cika Facebook da WhatsApp, wani ya ɗora masa waƙa, wani ya jera baitoci. Kewa ce ta kawo haka, kuma kewa ba zunubi ba ce. Ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, Annabi (SAW) ya yi hawaye, ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Sahabi Hassanu ɗan Sabitu ya yi wa Annabi marsiyya, wato waƙar makoki da yabon mamaci. Nana Asma'u 'yar Shehu ta yi wa yayanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, ta kuma yi wa mijinta Waziri Giɗaɗo. Ke nan marsiyya gadonmu ce. Abin dubawa shi ne me ka zuba a cikinta, domin ana so ta amfani wanda ke kwance a kabari.

Ka bari kwana ukun zaman makoki su wuce tukuna. Abin da aka rubuta zuciya na tafasa, yawanci ƙorafi ne a kan ƙaddara. Sannan ka sanar da babban gidan, musamman idan akwai matar da ke takaba, kada ta tsinci waƙar mijinta a wayar maƙwabciya.

Ka nemo halaye uku ko huɗu da ka gani da idonka. "Ba a taɓa yin irinsa ba" ƙarya ce, kuma ba ta tuna wa kowa komai. Ka ce shi ne mai buɗe masallacin unguwa kafin kiran asuba, ya share, ya shimfiɗa tabarmi. Idan mace ce, ka ce ba ta taɓa kwashe tuwo ba sai ta ware kwanon almajiri, ko da hatsin gidan ya ja baya. Wanda ya ji irin wannan, bakinsa da kansa zai ce Allah Ya jiƙanta.

Ka buɗe da sunan Allah da salati. Idan sabon hannu ne kai, ka tsaya a 'yar ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango (layi) biyu, amsa-amo guda, wato baitocin su ƙare da sauti iri ɗaya, baiti 15 zuwa 20. Ka rera baitin farko da baki, ka auna sauran a kan muryarsa. Duk ɗangon da numfashi ya yanke maka kafin ka kai ƙarshensa, ya yi tsawo, ka rage. Ka kula da tarkon amsa-amo, nan ne ƙarya ke shigowa: mutum ya kira mahaifinsa waliyyi don kawai kalmar ta dace da ƙarshen baiti. Gara ka sake baitin ɗungurungum. Kashi ɗaya cikin uku na waƙar ya zama addu'a: gafara, yalwar kabari, tabbata wajen tambaya, haƙuri ga waɗanda ya bari.

Kada ka yanke masa Aljanna. Da sahabi Usmanu ɗan Maz'unu ya rasu, wata sahabiya Ummul Ala ta shaida cewa Allah Ya girmama shi, sai Annabi (SAW) ya tambaye ta yadda aka yi ta sani, alhali shi ma yana yi masa fatan alheri. Ka ce "muna kyautata masa zato", ka tsaya nan. "Mutuwa kin zalunce mu" da "ya tafi lokacinsa bai yi ba" kuwa jayayya ce da Mai yanke ajali. Kururuta yabo ma yana da nauyi. Sahabi Abdullahi ɗan Rawaha ya suma, 'yar'uwarsa ta yi ta kuka tana kiransa dutsenta. Da ya farfaɗo ya ce duk abin da ta faɗa sai da aka tambaye shi, haka kake? Habaici ga kishiya ko likita ko dangin miji shi ma ba shi da gurbi a nan.

Malamai sun yi saɓani a kan kayan kiɗa, don haka ka rera da murya zalla, kowa ya saurara da natsuwa. Kada ka sa hoton gawa ko na gadon asibiti. Idan mace ce, hoton da ba za ta yarda baƙo ya gani ba tana raye, bai halatta gare ka ba don ta rasu.

Masu buga kalanda da sitika da aya a jiki, ku tuna inda takardar ke ƙarewa bayan shekara: bola, ko ƙunshin ƙosai. Da kuɗin nan a sayi Alƙur'anai a yi wakafinsu a masallaci ko Islamiyya, ko a ba mai zayyana ya rubuta addu'a a allo guda a rataye a ɗaki.

A ƙasan waƙar ka ƙara layi ɗaya: duk wanda yake bin marigayin bashi ya tuntuɓi magada, ka ambaci wanda za a nema. Hadisi ya zo cewa ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa.