Sharhin tseren Aintree ya koma tallan caca

Tun da hukumomin filin sukuwa na Aintree, da ke wajen birnin Liverpool, suka sauya dokokin tseren tsallake shinge na Grand National a shekarar 2024, masu rubuta sharhin share fage a jaridun Ingila da shafukan wasanni suka samu sabuwar waƙa. Cewa suke yi tseren ya daina zama na sa'a, ya koma na ilimi, saboda an rage yawan dawaki daga 40 zuwa 34, an matso da shingen farko kusa da wurin tashi domin kada dawaki su iso shi da gudun wuce kima, an kuma sassauta wasu shingayen tun gyaran da aka yi a 2013. A faɗarsu, duk wanda ya zauna ya nazarci tarihin kowane doki, da nauyin da aka ɗora masa, da yanayin ƙasa, zai iya gano wanda zai yi nasara, kuma su ne za su taimaka masa. A ƙarƙashin kowane irin wannan sharhi akwai maballin da zai kai mai karatu kai tsaye shafin kamfanin caca, har da alkawarin kyautar kuɗin zubi na farko. Wannan iƙirari nasu ne ya dame ni, domin yaudara ce da aka yi wa ado da alƙaluma, kuma yanzu wayar hannu tana kai ta ƙasashen da ba su taɓa ganin doki ya tsallake shinge ba.

Hujjarsu ta dogara ne a kan shekaru biyu kacal. A 2023 Corach Rambler, wanda kasuwar caca ta fi fifitawa, ya zo na ɗaya, a 2024 kuma I Am Maximus ya yi haka, shi ma yana cikin waɗanda aka fi zuba wa kuɗi. Abin da ba sa son tunawa shi ne, a wannan tseren na 2024 ɗin, Corach Rambler da aka cika shafuka da yabonsa ya yar da mahayinsa a shingen farko, kafin masu kallo su gama gyara zama. A 2025 kuma Nick Rockett ne ya lashe, dokin da kamfanonin caca suka sa wa farashin 33 a kan 1, wato a lissafinsu da kansu damarsa ba ta kai kashi 3 cikin 100 ba. Mai horar da shi, Willie Mullins na ƙasar Ailan, shi ne ya kwashe na ɗaya da na biyu da na uku a ranar, amma ko babban mahayin gidansa, Paul Townend, wani dokin ya hau ya zo na biyu. Idan mutanen da ke kwana da tashi da waɗannan dawaki, suna ganin cinsu da atisayensu kowace safiya, ba su iya bambance wanda zai ci ba, ina marubucin da ke zaune a ofis a Landan ya samo nasa tabbacin?

Ya kamata a fahimci yadda aka gina wannan tsere. Tafiya ce ta kusan kilomita 7, da tsallake 30, a kan shingaye irin su Becher's Brook, inda ƙasar da doki zai dira ta fi ta wurin tashinsa zurfi, da The Chair mai rami a gabansa, da Canal Turn inda dole doki ya karya kwana hagu da zarar ya dira. Sannan tsere ne na daidaita nauyi, wato akwai jami'in hukumar sukuwa ta Birtaniya wanda aikinsa shi ne ya ƙara wa doki mai ƙarfi nauyi, ya rage wa mai rauni, da niyyar cewa a bisa takarda duka su iso layin ƙarshe tare. Ma'ana, duk wani fifiko da mai sharhi zai gano a tarihin doki, an riga an gano shi an kuma ɗora masa dalma a sirdi domin a soke shi. Abin da ya rage bayan haka shi ne tuntuɓe, da dokin da ya yar da mahayinsa yana yawo a gaban sauran, da ruwan saman da ya sauka da daddare, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke rubuce a littafin tarihin kowane doki.

Tarihin tseren cike yake da wannan darasi, kuma masu sharhin sun san shi sarai, domin suna ba da labarinsa a matsayin nishaɗi a shafi ɗaya, su yi watsi da ma'anarsa a shafi na gaba. A 1928 dawaki 42 suka tashi, biyu suka kammala, kuma Tipperary Tim mai farashin 100 a kan 1 ne ya ci. A 1956 Devon Loch, dokin mahaifiyar Sarauniya Elizabeth, ya tsallake dukkan shingaye yana kan gaba, sai ya zube ƙasa a fili fetal saura 'yan taku ya isa layi, har yau kuma ana gardamar dalili. A 1967 wani doki da ba mahayi a kansa ya gitta gaban ayari a shinge na 23, dawaki suka cakuɗe, sai Foinavon, wanda rashin saurinsa ya bar shi can baya, ya samu kafa ya wuce shi kaɗai. A 2001, cikin taɓo, huɗu ne suka kai ƙarshe daga cikin 40. Mon Mome ya ci a 2009 da farashin 100 a kan 1, Auroras Encore a 2013 da 66, Noble Yeats a 2022 da 50. Waɗannan biyun na ƙarshe sun faru ne bayan an riga an sauya cikin shingayen daga katako zuwa roba mai lanƙwasuwa, wato a zamanin da ake cewa sa'a ta ragu.

Wani zai ce Grand National daban yake, sauran tseren tsallake sun fi bin hankali. To, a duba Cheltenham, inda ake tara zaratan dawakin Ingila da Ailan kowane watan Maris. A 2022 Galopin Des Champs, wanda daga baya ya lashe babban kofin zinare sau biyu a jere, ya ba abokin karawarsa rata mai nisa, ya tsallake shingen ƙarshe, sai ƙafa ta kuɓuce masa wajen dira ya faɗi. A 2024 El Fabiolo ya shiga tseren zakarun mil biyu da farashin 2 a kan 9, wato sai mutum ya zuba fam 9 kafin ya ci ribar fam 2, irin dokin da masu sharhi ke kira tabbatacce, amma kuskure ɗaya ya yi a shinge mahayinsa ya ja linzami ya tsayar da shi. Dubban mutanen da suka jera sunansa a takardun cacarsu, saboda an gaya musu ba ya faɗuwa, sun yi asara cikin daƙiƙa biyu, kuma babu mai sharhin da ya mayar wa kowa ko sisi.

Lissafin ma kansa ya isa ya kashe maganar. Dokin da aka fi so a Grand National yakan zo da farashin kamar 7 a kan 1, wanda ke nufin kamfanin da ke sayar da cacar yana ganin zai rasa nasara sau bakwai cikin takwas. Haka nan farashin ba na adalci ba ne tun asali. A ɗauka dawaki biyu ne masu ƙarfi ɗaya, mutum biyu kowa ya zuba fam 100 a kan nasa. Adalci shi ne wanda ya ci ya karɓi 200, amma kamfani zai tsara farashin yadda zai biya 190, ya riƙe 10 ko wane doki ya ci. A tsere mai dawaki fiye da 30, kuma a ranar da miliyoyin mutanen da ba su saba caca ba ke shigowa sau ɗaya a shekara, wannan giɓi yakan yi faɗi fiye da na kowace rana. Saboda haka mai sharhi na gaskiya sai ya fi kasuwa gaba ɗaya sani da ratar da ta wuce wannan giɓi, shekara da shekaru, kafin shawararsa ta amfani mai karatu. Wanda ya mallaki irin wannan sani ba zai raba shi kyauta a shafin intanet ba, domin da zarar jama'a sun bi shi farashin zai karye.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne yadda ake biyan da yawa daga cikin masu wannan sana'a. Shafin da ya tura mai karatu zuwa kamfanin caca yana karɓar kamasho, kuma a tsari mafi yaɗuwa kamashon wani kaso ne na abin da mutumin ya yi asara, muddin asusunsa yana buɗe. Wato mai ba ka shawara yana cin riba ne idan shawarar ta kāsa, kamar an ba kura ajiyar nama. Wannan ba zargi ba ne na bayan fage, domin a 2017 jaridar Guardian ta bankaɗo yadda wasu masu hasashe ke amfana da asarar mabiyansu, kuma a shekarar ce kamfanin Sky Bet ya rufe shirinsa na biyan irin waɗannan 'yan kamasho. Sauran kamfanoni sun ci gaba da nasu. Akwai kuma tsohuwar dabarar jarida, wadda ke tara masu hasashe da yawa kowa ya zaɓi doki daban, washegari a buga hoton wanda ya dace da babban rubutu, a shafe sauran kamar ba su taɓa magana ba.

Idan kuma mutum ya yi abin da ake cewa a yi, ya yi nazari har ya fara ci, ƙofa ake rufe masa. Alƙaluman da hukumar kula da caca ta Birtaniya ta fitar a 2025 sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na asusun masu caca ke da riba, amma a cikin asusun da kamfanoni suka taƙaita wa zubi, kusan rabi masu riba ne. Kamfanin da ke ɗaukar nauyin sharhin da ke cewa ilimi yana biya, shi ne kuma ke rage wa mai ilimin abin da zai iya zubawa zuwa 'yan kwabbai, ya bar wanda ke asara ya ci gaba ba iyaka.

Masu kare wannan tsari suna cewa in ba caca babu sukuwa, kuma gaskiya ne cewa tun 1961 akwai harajin da kamfanonin caca ke biya wa wasan, wanda tun 2017 ya tsaya a kashi 10 cikin 100 na ribarsu a kan tseren Birtaniya, amma dogaro da kuɗin mutum ba hujja ba ce ta yi wa jama'a ƙarya a madadinsa. Wannan dogaro ya kai inda manyan tsere ke ɗauke da sunayen kamfanonin, daga Betfair Chase a Haydock zuwa Coral Gold Cup a Newbury da Paddy Power Gold Cup a Cheltenham, har ma a ranar 10 ga Satumban 2025 aka soke duk tseren ƙasar na yini guda domin nuna adawa da shirin gwamnati na ƙarin harajin caca. Wasan da zai tsaya cak saboda harajin kamfanonin caca, bai taɓa tsayawa a faɗin ƙasar ba saboda dokin da ya mutu.

Dawaki kuwa suna mutuwa. A 2012 Synchronised, wanda ya lashe kofin zinare na Cheltenham wata guda kafin nan, ya mutu a Aintree tare da According To Pete. A 2023 Hill Sixteen ya mutu a shingen farko, a ranar da masu fafutukar kare dabbobi suka kutsa filin aka kama fiye da mutum 100. A 2025 Celebre d'Allen, mai shekara 13, ya zube bayan shingen ƙarshe ya mutu bayan 'yan kwanaki, aka dakatar da mahayinsa na kwana 10 saboda ya ci gaba da kora shi bayan ƙarfinsa ya ƙare. Ba na cikin masu cewa a haramta tseren, domin wanda ya taso a ƙasar da ake girmama doki ya san cewa dabbar tana son gudu, kuma ganin zakaran wannan tsere kamar Red Rum ko Tiger Roll yana tsallake waɗannan shingaye abin burgewa ne na gaske. Amma sharhin da ya cancanci sunansa shi ne wanda zai tambayi ko ya dace tsohon doki ya shiga irin wannan tafiya, ya bayyana abin da taurin ƙasa ke yi wa ƙafa, ya faɗi wane mai horarwa ne ke da tarihin jikkata dawaki. Sharhin caca ba ya yin waɗannan tambayoyi, saboda a wurinsa tsohon doki mai rauni wata dama ce ta farashi mai tsoka da za a tallata wa mai neman kuɗin dare ɗaya.

Wannan magana ta shafe mu ta fuska guda. Manhajojin caca da matasanmu suka fara sani ta hanyar ƙwallon Ingila ba ƙwallo kaɗai suke sayarwa ba, kuma ko da yake Hisbah ta Kano ta rufe shagunan caca da dama a 2024, ba ta da mabuɗin wayar da ke aljihun kowa. Hukuncin caca a addini sananne ne, yana nan a aya ta 90 ta Suratul Ma'ida, ba ya buƙatar ƙarin bayani daga gare ni. Abin da nake jaddadawa shi ne, hatta wanda bai damu da hukuncin ba, ana zambatarsa ne da sunan nazari, kuma matashin da bai taɓa ganin Aintree ba ya fi Baturen Liverpool saurin yarda da wanda ya zo masa da jadawali da alƙaluma.

Gyaran ba mai wahala ba ne in da niyya. A raba sharhin wasa da tallan caca kamar yadda ake raba labari da talla a kowace jarida mai mutunci, a tilasta wa duk shafin da ke karɓar kamasho ya rubuta haka a saman rubutunsa da manyan baƙaƙe, kuma duk mai hasashen da ke son a saurare shi ya buga cikakken lissafin abin da mabiyansa suka ci da abin da suka rasa a shekara, wanda wani mai zaman kansa ya tantance. Editocin shafukan wasanni na Hausa da ke karɓar irin waɗannan rubuce-rubuce daga kamfanoni suna fassarawa, su ma wannan sharaɗi ya hau kansu.